Babi na Biyar: A Yanke Kuɗi Kafin Almakashi Ya Taɓa Yadi

Daren jajiberin ƙaramar Sallah ba a rufe shagon kawuna da ke Fagge. Lokacin ina aji uku a sakandare, aikina guga da sa maɓalli da miƙa kaya. Kekuna uku na ta aiki, janareta na ƙugi a bakin ƙofa, ƙasa duk ƙyallaye da guntayen zare, idon kowa ya yi jawur don kwana goma ke nan ba wanda ya yi barcin kirki. Wajen ƙarfe sha ɗaya wata mota ta tsaya, wani Alhaji ya shigo karɓar ɗinkinsa: kaftani biyar, nasa biyu, na 'ya'yansa uku, duk da aikin wuya. Na ninke na zuba a leda. Ya zaro ɗaya ya duba wuyan a hasken ƙwan lantarki, ya ce madalla, sannan ya sa hannu a aljihu.

"Malam, nawa ne kuɗinka?"

Kawu ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Haba Alhaji, ai mun zama ɗaya. Kawo abin da ya sauwaƙa."

Alhaji ya ƙirgo kuɗi ya ajiye a kan teburin yanka, ya yi mana addu'a, ya fita. Kawu bai taɓa kuɗin ba sai da ƙarar motar ta ɓace. Ya ƙirga sau biyu. Bai ce uffan ba, ya dai cire tabaransa ya goge da gefen riga, ya koma kan keke. Sai bayan Sallah na ji yana gaya wa mahaifiyata cewa kuɗin ɗinki uku aka ba shi, biyu sun tafi kyauta, kuma zaren aikin wuyan ma daga aljihunsa ya saya.

Na daɗe ina jin haushin Alhajin nan. Da na girma sai na ga ba shi da laifi. Mutumin ya tambaya. An ce ya kawo abin da ya sauwaƙa, ya kawo, kuma mai yiwuwa ya tafi gida yana ganin ya kyauta. Wanda ya san nawa aikin ya ci shi ne ya ƙi faɗa.

Wannan cuta ba ta teloli kaɗai ba ce. Na gan ta wajen mai gyaran wuta, da bakanike a Ƙofar Ruwa, da yaran da ke gyaran waya a Farm Centre, da mai lalle, da mai girkin biki, da malamin da ke bi gida-gida yana koyar da yara lissafi. Sunanta kunya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya jin nauyin faɗin kuɗin shadda, domin ya san nawa ya saro ta, kuma kowa yana ganinta a jibge. Ka taya, in bai yi masa ba ya ce albarka, ba wanda zai ga baƙinsa. Mai aikin hannu kuwa abin da yake sayarwa ba a ganinsa a kanta: lokacinsa ne, da idonsa, da bayansa, da shekaru bakwai ɗin da ya yi yana shara da aike a shagon maigidansa kafin a yarda ya riƙe almakashi. Da yake bai saro su da kuɗi ba, sai ya riƙa ji kamar ba su da farashi, har neman haƙƙinsa ya zame masa tamkar roƙo. Magabata sun ce kunyar mara kunya asara ce. Ni a ganina kunyar mai mutunci ma asara ce idan ta hana ka faɗin kuɗin aikinka, kuma asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Kawu bai sake kallon Alhajin nan da idon da ba. Shi kuwa har yau bai san dalili ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne muna ɗaukar wannan shirun a matsayin ladabi, alhali malamanmu sun daɗe da yi mana iyaka a kansa. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda aka rubuta sama da shekara dubu da suka wuce kuma har yau ake karanta ta a zaurukan malamai, ta yi maganar ɗaukar mutum aiki da lada, ta gindaya sharaɗin a ambaci ladan, a kuma yanke lokaci. Hikimar a fili take. Duk abin da aka bari a duhu a farkon ciniki, shi ne zai zama rigima a ƙarshensa. Tun ran gini ake zane.

To amma ba za ka faɗi kuɗi da ƙarfin gwiwa ba sai ka san daga ina ya fito. Yawancin masu sana'a, in ka tambaye su yadda suka yanke farashi, amsar ita ce: haka ake yi a layinmu. Maƙwabcinka yana karɓar dubu uku da ɗari biyar, kai ma ka karɓa. Ba ka san cewa shagon da yake ciki na mahaifinsa ne ba, ba ya biyan haya, yaran da ke taya shi kuwa ƙannensa ne.

Zauna da biro da takarda, mu yi lissafi. Alƙaluman nan misali ne kawai, kai ka sa naka. A ce hayar shago naira dubu 240 ce a shekara, wato dubu 20 a wata. Janareta tana shan lita biyu a yini, kwana 26 na aiki, a naira dubu kowace lita: dubu 52. Kuɗin wuta dubu 10. Abinci da kuɗin motar yara biyu, dubu 40. Allura, man keke, kiran mai gyara, da ɗan abin da za a riƙa ajiyewa saboda ranar da keken zai mutu gaba ɗaya, dubu 10. Katin waya, kuɗin mai gadi, shara da 'yan haraji, dubu 8. Jimla dubu 140. Wannan shi ne abin da shago yake ci kowane wata, ko ka yi ɗinki ko ba ka yi ba, ban da ɗan ragin man janareta.

Yanzu a ce kana fitar da kaya 60 a wata. A kan dubu uku da ɗari biyar, ka tara dubu 210. Cire zare da maɓalli da gam, a ce ɗari biyar-biyar, dubu 30 ke nan. Cire dubu 140 na shago. Abin da ya rage maka ka kai gida naira dubu 40 ne. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Wato gwanin tela mai shekara ashirin a kan keke, mai shago da yara biyu, yana tashi da ƙasa da abin da doka ta ce a biya sabon masinja. Kuma ba zai gane ba, domin kullum kuɗi suna shiga hannunsa, cefane yana fita, sai ranar da mai shago ya aiko neman haya ko yaro ya kwanta asibiti sannan ya ga ba komai a ƙasa. In yana son ya kai dubu 130 gida, lissafin nan ya nuna ba zai yi ɗinki ƙasa da dubu biyar ba.

Wurare biyu ake yawan yin kuskure a nan. Na farko, mutum ya manta da kansa. Yana lissafa haya da mai da zare, duk abin da ya ragu ya kira shi riba. Ladan aikinka daban, riba daban. Ladan shi ne abin da za ka biya wani gwani kamarka in ya zauna a kujerarka; riba ita ce abin da ya hau bayan haka, kuma da ita ake sayen keke na huɗu. Na biyu, mutum ya yi lissafi da watan azumi. Shekara ba azumi ba ce. Bayan babbar Sallah akwai makonnin da za ka zauna kana korar ƙuda, sai ɗan facin wando da rage tsawon riga, haya kuwa tana tafiya. Ka haɗa kayan da ka ɗinka a shekara ka raba gida goma sha biyu, wannan ne adadinka na gaskiya.

Kuma lissafin ba sau ɗaya ake yinsa ba. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ba ta kai naira ɗari biyu ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura ɗari biyar, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu a gidajen mai da yawa. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk abin da ake shigowa da shi, daga allura zuwa gilashin waya, ya bi dala sama. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na 'yan rukunin A zuwa naira 225 a kowane yunit, fiye da ninki uku. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mai shinkafa ya ƙara kuɗi, mai adaidaita sahu ya ƙara, ba wanda ya nemi izini. Na san teloli da suka shafe shekara guda bayan duk wannan suna karɓar tsohon kuɗi a hannun tsofaffin kwastomomi, don ba su san da wane baki za su fara ba.

Bakin kuwa mai sauƙi ne, in dai an buɗe shi da wuri. Kada ka jira sai mutum ya zo karɓar kaya ka tare shi da sabon farashi. Wannan kwanton ɓauna ne, kuma yana da gaskiya in ya ji zafi. Ranar da ya kawo yadi, kafin ka ɗauko tef, ka ce: "Ranka ya daɗe, kafin mu yi awo, ɗinkin ya ɗan motsa. Yanzu dubu biyar ne." In tsohon abokin hulɗa ne ƙwarai, kana iya cewa wannan karon za ka yi masa a tsohon kuɗi, daga na gaba sai sabo. Ya san ka mutunta shi, ya kuma san inda aka dosa.

Faɗin kuɗi yana da tsarinsa. Idan aka kira ka a waya aka ce nawa kake ɗinkin babbar riga, ko nawa za ka haɗa wutar gida mai ɗaki huɗu, kada ka yanke. Cinikin biri a sama ne. Ka ce yana farawa daga kaza, amma sai ka gani. In mutum ya zo, ka fara da tambaya: na wane taro ne, yaushe ake so, wane irin aiki, surfani na hannu ko na inji, akwai wanda ya gani ya burge shi? Tambayoyin nan suna gaya maka girman aikin, suna kuma nuna wa mai kaya cewa abin nasa ba wasa ba ne. Wanda aka saurara minti biyar ya fi sauƙin yarda da kuɗi a kan wanda aka jefa wa lamba tun yana bakin ƙofa. Sannan ka faɗi kuɗin, sau ɗaya, kana kallon fuskarsa, ka yi shiru.

Shirun nan shi ne wurin da mafi yawanmu muke faɗuwa. Ka ce dubu goma sha biyu, mutum ya ɗan yi jim, ƙila ma lissafin abin da ke aljihunsa yake yi, kai kuma zuciyarka ta fara bugawa, sai ka ji bakinka yana cewa: amma dai kawo goma. Ka taya wa kanka, ka kuma sallama wa kanka, shi bai ce komai ba tukuna. Bar shi ya yi magana. Tayi al'adarmu ce, ba raini ba ne, kuma wanda ya taya yana son aikin ne. In ya ce ya yi masa yawa, kada ka rage kuɗi ka bar aiki yadda yake, domin ka gaya masa ke nan da farko ƙari ka yi, gobe ma daga ƙasa zai fara. Ka rage aikin tare da kuɗin: "Hajiya, in dubu takwas ne, sai mu cire duwatsun hannu, mu bar na wuya kawai." Yanzu zaɓi yana hannunta, kuma sau da yawa za ta ce a'a, a bar su, ta biya. Yana da kyau a kowane aiki ka tanadi hawa biyu ko uku, na talaka, na tsaka-tsaki, da na kece raini, ka nuna hotunansu a waya. Mai ƙaramin ƙarfi ba zai fita da kunya ba, mai hali kuma ba za ka tauye shi da abin da bai kai son ransa ba.

Akwai wanda zai ce wane yana yi a rabin haka. Kada ka zagi wane. Ka juya rigar ka nuna masa cikinta, yadda aka kashe bakin ɗinki, yadda aljihu ya zauna. In ya gani ya yarda, madalla. In ya tafi, ka sallame shi da fuska a sake. Araha ba ta ado, kuma wasu sai sun je sun gwada suke dawowa.

In an daidaita, sai kafin alƙalami. Ni ra'ayina rabi, ko aƙalla abin da zai sayi duk kayan aikin. Wanda ya ajiye kuɗi yana dawowa karɓar kayansa; wanda bai ajiye ba, shi ne za ka ga rigarsa ta shekara a rataye tana shan ƙura, kuɗin zarenka a jikinta. Amma a nan dole in juyo kanmu, domin a wannan gaɓar masu sana'a sun fi cutar da mutane fiye da yadda ake cutar su. Kafin alƙalami amana ce, ba ta zama taka ba sai ka gama aiki. Abin da ke faruwa shi ne a karɓi na Audu a yi cefane, a karɓi na Tanko a sayi kayan aikin Audu, a haka har igiya ta tsinke a kan na ƙarshe, a fara kashe waya da ɓuya a bayan shago. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yanzu da buɗe asusu a waya ya zama abu na minti kaɗan, ka ware ɗaya na kuɗin mutane kawai, kada ka taɓa shi sai don aikin mai shi. In mai kaya ya fasa, ka cire abin da ka riga ka kashe a kan aikinsa, ka mayar masa da saura. Malaman Malikiyya ba su yarda da sharaɗin cewa duk wanda ya fasa kuɗinsa ya hau ba, ko da yake Hambaliyya sun halatta. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki ya koma tiransifa, ta zo da sauƙi ta kuma zo da alat na bogi. Saƙon da ke wayar mai biya ba shaida ba ce. Ka buɗe asusunka ka gani da idonka, ka yi haka ga kowa, babba da yaro, don kada wani ya ji shi kaɗai ake zargi.

Sai rana. Ban san wata sana'a da aka fi yi wa shaidar saɓa alkawari kamar ɗinki ba, kuma shaidar ba a banza ta samu ba. Kowace Sallah sai an ji wanda ya je idi da tsohuwar riga, yadinsa na shagon tela ko yankawa ba a yi ba, wasu har gaban 'yan sanda. Na zauna a ciki, na san yawancin telolin nan ba maƙaryata ba ne. Kunyar nan ce dai ta sake dawowa da wata riga. Mutum ya shigo ranar ashirin ga azumi da leda a hannu, ya ce don Allah, kai kuma ka kasa cewa a'a, ka karɓa ka tura ƙarƙashin tebur kana fatan wata mu'ujiza. Ka guje wa ɓacin ran minti biyu, ka sayi na shekara.

Maganin lissafi ne irin na ɗazu. In kai da yaranka kuna gama kaya huɗu a yini ba tare da an kwana ba, kwana 25 kaya ɗari ne. Cire goma saboda ranar da janareta za ta ƙi tashi ko yaro ya yi zazzaɓi. Casa'in. Ka ja layi a littafi a lamba ta casa'in, in an kai nan an rufe, ko wane ne. Ranar da za ka faɗa wa mai kaya kuma ka ƙara kwana biyu a kan wadda ka sa a ranka. In duk da haka ka ga ba za ka cika ba, kai za ka fara kira, tun da sauran lokaci, ba shi zai zo ya tarar ba. Mai son aikin gaggawa, wanda zai sa a ture na wasu ko a kwana a shago, kuɗinsa daban ne, a gaya masa tun farko, kuma wani kaso na ƙarin ya shiga hannun yaran da suka yi kwanan.

Littafin nan da na ambata shi ne rabin sana'ar. Suna, lambar waya, awo, irin aikin, kuɗin da aka yanke, abin da aka bayar, abin da ya rage, ranar karɓa, da ɗan ƙyallen yadin a manne a gefen shafi. Ka karanta wa mai kaya abin da ka rubuta, ko ka ɗauki hoton shafin ka tura masa ta WhatsApp. Ranar da ya ce ai da aikin aljihu muka yi, ba sai an yi rantsuwa ba. Kuma littafin shi ne kasuwarka. Talla mafi ƙarfi ga mai aikin hannu ita ce mutumin da ya riga ya ji daɗin aikinsa. Tun watan Sha'aban ka bi shafukan bara ɗaya bayan ɗaya, ka gaisa, ka ce an buɗe littafin Sallah, a kawo da wuri. Kafin a koma makaranta a Satumba ka tuna wa iyaye kayan makaranta. Ka sa hoton aikinka a waya mutane su gani, amma na rigar, ba na mai ita ba, sai da izininta. Wanda aikinka ya burge shi, ba laifi ka ce masa in 'yan'uwa suna nema ga lambarka. Mutane suna son a ce su suka san gwani.

Na bar mafi wuya a ƙarshe, wato dangi da abokai. Ba zan ce ka daina yi musu alheri ba. Wanda sana'arsa ba ta amfani 'yan'uwansa ba, ban ga amfaninta ba. Abin da nake cewa shi ne kyauta ta zama kyauta da sunanta. "Yaya, ɗinkin nan dubu bakwai ne, amma na bar miki, gudummawata ce ta bikin." Ta san girman abin da aka yi mata, kai ma ka san abin da ka bayar, kuma ka ba da shi da zuciya ɗaya. Wanda ke kashe zumunci shi ne na tsakiya, wanda ba kyauta ba, ba ciniki ba: shi yana ganin an bar masa, kai kana jiran ya biya, kuna gaisawa a wurin suna kowa da abu a ransa. In bashi ne a kira shi bashi, a sa masa rana, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka ba wanda zai ce maka rubutu rashin yarda ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ka sa wa kanka iyaka: wanda bai biya na baya ba, ba a ɗora masa sabo. Ka kuma yanke tun farkon wata nawa za ka iya bayarwa kyauta ba tare da shago ya girgiza ba. In ya ƙare, sai wani watan.

Duk wannan tsayawa a kan haƙƙi tana da kishiya, wato ka tsaya a kan na mutane ranar da kuskure ya zo daga gare ka. A Risalar nan dai an ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka bar masa a hannu. A shekarata ta biyu a shago na bar dutsen guga a kan wata farar shadda na juya amsa sallama, kafin in waiwayo ta yi tabo ruwan ƙasa a daidai ƙirji. Wani daga cikin yaran ya ce a faɗaɗa aikin wuya ya rufe wurin, ba mai ganewa. Kawu ya ɗauki ƙyallen, ya hau kekensa na hawa ya tafi Kwari, ya dawo da irinta sak, sannan ya kira mai ita ya gaya masa abin da ya faru, ya ce za a ƙara kwana biyu. Kuɗin shaddar ya cinye ladan ɗinkin mako guda. Mutumin nan har ya rasu bai kai ɗinkinsa wani wuri ba, 'ya'yansa ma a nan suke yi. Kawu bai iya faɗin kuɗi ba, amma ya iya wannan, kuma shi ya riƙe shagon shekara talatin.

Yanzu babban ɗansa ne a shagon. Azumin bara na leƙa shi da la'asar, na tarar yana awon wani matashi da ya kawo yadi kala biyu. Ya gama tambayoyinsa, ya rataya tef a wuya, ya ce: "Yallaɓai, kowane dubu tara ne, rabi yanzu, ka karɓa ranar ashirin da biyar ga wata." Ya yi shiru. Matashin ya taya shida. Ɗan kawu ya ce masa albarka, amma in za a cire aikin hannu ana iya yi a bakwai. Matashin ya yi ɗan tunani, ya ce bari ya duba wani wuri, ya mayar da yadinsa cikin leda. Ɗan kawu ya raka shi har bakin ƙofa, ya ce Allah Ya sa a dace, in bai samu ba ya dawo kafin littafi ya cika, saura gurbi shida. Ya dawo ya buɗe shafi na gaba, ya duba ƙyallen da ke manne, ya jawo yadin mai shi daga kan kanta, ya shimfiɗa a tebur ya ɗauki alli.